Tsohon Noti a Tayar Yaya

"Ranar Asabar nake son jin amsarki, Auta."

Baba bai ɗaga murya ba. Shi dama ba mai ɗaga murya ba ne, shi ya sa maganarsa ke da nauyi. Ya faɗa yana cusa ƙwallaye a raga kamar mai zancen kawo kaya, sannan ya haye sito ya bar ta da sifana a hannu.

Yau Laraba. Saura kwana uku ke nan.

Auta ta sunkuyar da kai kan teburin gyara. Shagon Baba na kayan wasanni ne, ƙwallo da riguna da takalma har rufi, amma kusurwar baya tata ce. A nan ake haɗa katakon sulu, wannan katakon mai tayoyi huɗu da matasa ke hawa su sulala a kan siminti. Ita ke ɗaura tayoyi, ita ke wanke boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, kuma da jin kukan katako daga bakin titi take faɗin abin da ke damunsa. Shekarunta ashirin da shida, goma daga ciki da baƙin mai a farce ta yi su.

Amsar da Baba ke jira ta Manaja ce, manajan kamfanin da ke kawo musu kaya. Ya fito neman aurenta, wata huɗu ke nan tana cewa a ba ta lokaci. Ba wanda ya tilasta mata. Sai dai kowa a gidan ya san wanda ke ranta, kuma kowa ya san ba a ambatonsa a gidan.

Bahago ke nan, mai walda a bayan filin sulu. 'Yan sulu suka laƙaba masa sunan don da ƙafar hagu yake tunkuɗa ƙasa, akasin yawancinsu. Da can shi da Yaya, wan Auta, ba ka ganin ɗaya sai da ɗaya. Yau shekara biyu rabon da ya taka dakalin shagon.

Auta ta ɗago ta dubi Yaya. Yana zaune a bayan kantar shagon, ƙafarsa ta dama a miƙe kan ɗan benci, sandarsa jingine da bango. Yana manna samfefa a saman wani sabon katako, yana yanke gefen da reza a tsanake. Aikin zaune kawai yake iyawa yanzu, mutumin da a da in ya tashi sama da katako sai fili ya ɗauki ihu.

Ya ji idonta a kansa, ya yi murmushi.

"Kada ki bari Baba ya rikita ki. In ba kya son Manaja ki faɗa, ni zan tsaya miki. Ko waye kika kawo ina bayanki, Auta." Ya goge rezar a wandonsa. "Banda wancan."

Ta ce, "To, Yaya."

To ɗin da take ta cewa ke nan shekara biyu.

Ga yadda abin yake. Baba yana da doka ɗaya a kusurwar gyara, wadda ya koya mata tun ba ta iya riƙe sifana ba: notin taya in ya fita, ya fita. Akwai wani ɗan zoben roba a bakin notin, shi ke cije ƙarfe ya hana shi warwarewa. Da an kwance shi robar ta saki, ko da a ido lafiyarsa ƙalau. Saboda haka akwai gwangwani a ƙarƙashin tebur, can ake jefa tsofaffi.

Safiyar ranar da abin ya faru, Yaya ya ajiye mata katakonsa ta wanke boris, za su je babban gangare shi da Bahago. Ta kwance tayoyi huɗu, ta wanke, ta zo mayarwa ta tarar sababbin notika uku suka rage a aljihun tebur. Sauran suna sito, hawa ashirin ne kawai na matakala. Amma Bahago yana zaune a kan kujerar kusa da ita, yana ba ta wani labarin banza tana dariya har da hawaye, ba ta son ta katse shi. Sai ta zura hannu cikin gwangwani.

Bahago ya gani. Har ya ce, "Zan kai ƙararki wurin Baba." Suka yi dariya su biyu.

A tsakiyar gangare tayar gaba ta fice.

A asibiti Baba ya tsaya riƙe da katako mai taya uku, 'yan sulu cike da baranda, ya ce, "Wa ya taɓa katakon nan?" Auta ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Bahago ya riga ta. Ya ce shi ne, shi ya canza taya a fili ya mayar da tsohon noti. Yaya kuwa da ya farfaɗo bai tuna komai na wannan safiyar ba, har yau.

Shi ke nan. Ƙarya ɗaya, ta zauna daram.

* * *

Manaja ya zo da yamma, fes da shi, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ba mugu ba ne, nan ne matsalar. Da mugu ne da Auta ta huta.

Ya gaida Baba a ladabce, ya zauna kusa da Yaya ya tambayi gwiwa, ya ce ya yi magana da wani likitan ƙashi, in sha Allahu za a sake dubawa. Sannan ya ƙaraso kusurwarta yana ɗage bakin wando kada ya taɓa mai.

"Ranki ya daɗe, ana ta fama?"

"Muna taɓawa."

Ya ɗauki wata taya da ta ajiye a kan tsumma, ya kaɗa ta da yatsa. Ta yi ta juyawa tana wani siririn kuka.

"Kai, wannan sabuwa ce ko? Ji yadda take gudu."

"Ta bushe ne. Ba mai a ciki. In aka hau ta haka kwana biyu ta ci kanta."

Ya yi dariya, ya ajiye da sauri kamar ta ƙone shi. "Kin ga ni a takarda kawai na san su." Ya sassauta murya. "Ki yarda da ni, hannuwan nan za su huta. Yanzu ma ana kawo katako a haɗe daga kamfani, ba sai kowa ya wahala ba."

Auta ta dubi hannuwanta. Bawan Allah, a zatonsa kyauta yake mata.

A bakin ƙofa 'yan sulu sun cika bencin nan da Baba ya ajiye musu tun shekaru. Akwai sifana ɗaure da sarƙa a jikin ƙyaure, kowa ya zo ya ɗaure nasa ba sai ya sayi komai ba. Akwai kwalin tsofaffin tayoyi masu sauran rai, wanda tasa ta cinye ya ɗauka, wanda ya sayi sabuwa ya jefa tsohuwarsa. Suna ta gardamar wa zai zo da tsintsiya, wa zai zo da siminti, don ranar Asabar suke share fili su toshe tsagu. Wata doguwa a cikinsu ta ce ƙarfen da ake zamewa a kai ya tsage, sai an kira...

Sai ta yi shiru, ta saci kallon Baba. Aka canza zance.

Haka suke yi. A fili Bahago nasu ne, shi ya ƙera rabin abin da suke hawa. A bakin shago kuwa kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

* * *

Washegari Mama ta tare ta a kicin tun kafin ta fita.

"Zauna."

Auta ta zauna a kan kujerar roba. Mama ta ci gaba da goge kofuna, baya ta ba ta.

"Ni na haife ki, kada ki mayar da ni sakarya. Na san abin da kike jira. Kina jira zuciyar babanki ta huce. To ba za ta huce ba, Auta. Kullum da safe yana jin ƙarar sandar yayanki a matakala."

"Mama, tsautsayi ne..."

"Tsautsayi!" Mama ta juyo, idonta ya kawo ruwa. "Tsautsayi shi ne abin da ba ka sani ba. Wannan ya sani. A shagon nan ya girma, sau nawa ya ji babanku yana faɗin dokar nan? Ganganci ne da rashin ɗaukar ran mutum da daraja. Wanda ya yi wa amininsa haka, ke me zai yi miki?"

Kowace kalma ta sauka inda ya kamata ta sauka, Mama ba ta sani ba.

"In da ni ce na yi fa, Mama?"

"Ke? Allah ya kiyaye. Ke da ko allura kika ara sai kin mayar inda kika ɗauka." Mama ta share ido da gefen mayafi, ta zo ta dafa kanta. "Ban ce ki so Manaja yau ba. Amma mutumin kirki ne, yana ganin girman babanki, yana tausayin yayanki. Gidan nan ya sha kuka, 'yar nan. Ki bar mu mu yi dariya sau ɗaya."

Auta ta kifa kai a cikin Mama ta yi kuka sosai. Mama tana shafa bayanta tana cewa ya isa, ya isa, a zatonta kukan rabuwa da soyayya ne.

* * *

Ranar Juma'a da la'asar ta ce za ta kai wa wani katakonsa, ta tsallaka titi ta bi ta bayan fili.

Rumfar waldar a buɗe take. Bahago yana durƙushe yana goge wani dogon ƙarfe, tabaron walda a goshi. Da ya ga inuwarta ya miƙe, ya kashe injin. Ya rame. Ko kuwa ita ce ta daɗe ba ta gan shi kusa haka ba.

"Auta. Lafiya? Wani ya gan ki?"

"Ko sannu babu?"

"Sannu." Ya jawo mata kujera ya kaɗe ƙura da hularsa. Shi ya tsaya nesa, jingine da ƙofa.

Katakonsa yana gefe, tayoyi sama. Hannunta ya kai kansa kafin ta yi tunani, ta kaɗa taya ɗaya. Ƙarar yashi ta ji.

"Wa ke wanke maka boris?"

"Ni."

"Da me, da ruwan kwata?"

Ya yi dariya, ita ma ta so yi, sai dariyar ta maƙale.

"Gobe zan ba Baba amsa," in ji ta.

"Na ji. Labari yana tsallako titi." Ya kawar da kai. "An ce mutumin kirki ne."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Me kike so in ce? In ce ki ƙi shi ki zauna jirana? Har yaushe? Babanki ko gawata aka bi da ita ta gaban shagonsa sai ya rufe ƙofa."

"Zan faɗa musu."

Ya juyo da sauri. "Ki faɗa musu me?"

"Ka sani."

"A'a." Ya tako har gabanta. "A'a, Auta. Mun gama wannan maganar tun tuni."

"Kai ka gama. Ni ba a tambaye ni ba. Ka yi tsalle ka ɗauke kayana ka aza a kanka, ban ce ka ɗauka ba."

"Da na bari fa? Kin ga fuskar Baba ranar nan? Ni bare ne, ya kore ni ya huta, ya samu wanda zai tsana. Ke fa? Ina zai kai ki? Kullum zai dube ki ya dubi ƙafar ɗansa a ɗaki ɗaya. Gidan ne zai tsage."

"Gidan a tsage yake, ni kaɗai ke ganin tsagar!" Hawaye suka ɓalle mata. "Ka san abin da Mama ta ce min jiya? Wai wanda ya yi wannan bai ɗauki ran mutum da daraja ba. Tana faɗa tana shafa kaina. Yaya kullum sai ya ce min ni ce sanyin idonsa. Ina cin abinci da su, ina dariya da su, kowace loma kamar na sato ta. Na gaji, wallahi na gaji."

Bahago ya durƙusa a gabanta, bai taɓa ta ba. Idonsa ya yi ja.

"Kina tsammanin ƙarya na yi gaba ɗaya? Ina zaune na ga hannunki ya shiga gwangwanin nan. Na san dokar kamar yadda kika sani. Da na ce tashi ki hau sito, da kin tashi. Amma ina jin daɗin dariyarki, ban so ki tashi ba. Abokina zai hau gangare da katakon, ni kuma ina ba da labari. To faɗa min, laifin wa?"

"Hannuna ne ya ɗaura."

"Idona ne ya gani."

Daga fili ana jiyo ƙarar tayoyi a kan siminti, da ihun wani da ya faɗi ana masa dariya.

"Ka yi kewar Yaya?" ta tambaya a hankali.

Ya cire tabaron daga goshi yana juya shi.

"Kullum da rana yakan fito dakali ya sha iska. Daga nan ana hango shi, in ka tsaya ta wancan gefen. Ranar nan na ga sandarsa ta zame, saura kaɗan ya faɗi. Sai da na kai tsakiyar titi na tuna ba ya son ganina." Ya ajiye tabaron. "Na dawo."

Auta ta rufe fuska da tafukanta.

"Ki saurare ni," in ji shi. "In kin faɗa, ba lallai su ba ni ke ba. Wataƙila ki rasa su, ni ma ki rasa ni. In kin yi shiru, ni kaɗai za ki rasa. Ki yi wa kanki adalci."

"Wato ka yarda in auri wani."

"Ban yarda ba." Muryarsa ta karye. "Wallahi ban yarda ba. Amma na fi yarda da shi a kan in ga yayanki ya dube ki irin kallon da yake min."

Ta miƙe ta share fuska da bayan hannu, baƙin mai ya shafu a kumatunta.

"Ka sayi kananzir mai kyau ka wanke tayoyin nan. Abin kunya ne."

"Auta, yi min alkawari."

Ba ta yi ba. Ta fice tana jin yana kiranta har ta sha kwana.

* * *

Asabar da safe bencin ƙofa wayam, duk 'yan sulu suna fili da tsintsiya da bokiti. Baba ya buɗe shago, ya kunna fanka, ya zauna a kujerarsa. Yaya yana bayan kanta yana warware sabuwar samfefa.

"To, Auta," in ji Baba. "Mutumin nan zai kira ni da azahar. Me zan ce masa?"

Ta fito daga kusurwarta. Ta durƙusa a gaban Baba, abin da ba ta saba yi a shago ba, har ya ɗan ɗaga gira.

"Baba, ka ba shi haƙuri. Ba zan iya ba."

Baba ya numfasa. "Saboda wancan yaron."

"Saboda ni. Baba, akwai maganar da ya kamata in faɗa tun a asibiti."

Ta ji Yaya ya daina motsi.

"Ba shi ya taɓa katakon Yaya ba. Bai canza taya a fili ba, ko sifana bai riƙe ba ranar. Ni ce. A teburin can na wanke boris. Notika uku suka rage, na ji ƙyuyar hawa sito, na ɗauki ɗaya a gwangwani na sa a tayar gaba."



"Ƙarya kike," in ji Baba a hankali. "Kina so ki wanke shi ne."

"Ka tuna ranar nan, kafin labari ya iso, ka buɗe aljihun tebur ka ce ya aka yi notika suka ƙare ban faɗa maka ba? Ka hau sito da kanka ka sauko da sabon kwali. Uku ne suka rage, Baba. Tayoyi huɗu ne."

Ta ga lokacin da ya tuna. Fuskarsa ta sauka gaba ɗaya, kamar an ƙara masa shekara goma a zaune. Ya cire tabarau, ya rasa inda zai ajiye, ya riƙe a hannu.

"Shekara biyu," in ji shi.

"Na ji tsoro. Kullum sai in ce gobe. Ka yafe min, Baba. Ko kada ka yafe min, amma shi ka cire masa."

Baba bai dube ta ba. Titi yake kallo.

"Yaron nan tun yana ɗan shekara tara yake zama a dakalin nan. Ni na haɗa masa katakonsa na farko." Ya mayar da tabarau a ido. "A gaban mutane na kira shi abin da ban taɓa kiran ɗan kowa ba. Na ce ya kashe min ɗa da ransa. Yana tsaye, kansa a ƙasa, bai ce uffan ba."

"Don ni ya yi."

"Na gane don wa ya yi."

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa kantar shagon. Ya ɗauki hularsa.

"Suna fili duka yanzu?"

"E, Baba."

"Madalla. A gabansu na faɗa, a gabansu zan janye." Ya kai ƙofa ya tsaya, har yanzu bai waiwayo ba. "Maganar aure kuwa, ba ni da sauran bakin hana shi komai. Sai dai in shi ya ƙi mu. Ni da ke kuma za mu zauna, amma ba yau ba. Yau ba zan iya ba."

Ya fita. Ta bi shi da ido yana tsallaka titi, tsoho mai tafiya a hankali, ko mota bai duba ba.

Abin da ta yi shekara biyu tana roƙon Allah ke nan. Ga shi ya zo, kuma ko ɗigon daɗi ba ta ji ba, domin akwai sauran mutum ɗaya a shagon.

Ta juya a kan gwiwoyinta.

"Yaya."

Yana zaune yadda yake, samfefa a kan cinya. Ba fushi a fuskarsa. Da fushi ne da ta san yadda za ta yi da shi.

"Yaya, don Allah ka ce wani abu. Ka zage ni. Ni na jawo maka wannan ƙafar."

"Ƙafa?" Ya dubi ƙafar kamar ta wani ce. "Noti ne, Auta. Ni kaina sau nawa na mayar da tsoho in Baba ba ya nan. Da kin faɗa min a gadon asibiti, da na yi fushi wata ɗaya, wata biyu, ya wuce. Ke ƙanwata ce."

Ta fashe da kuka.

"Aboki ɗaya gare ni a duniya," ya ci gaba, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ɗaya. Lokacin da na fi buƙatarsa, ina kwance ba na iya zuwa banɗaki da kaina, na ce kada a bar shi ya shigo. Sau shida ya zo, Mama tana kora. Ya aiko wasiƙa, na yaga ban karanta ba. Ke kika share takardun daga ƙasa, kin tuna?"

"Na tuna."

"Na zauna a kujerar nan ina tsine masa, kina can kina wanke boris kina ji. Ranar Laraba ma na ce miki banda shi. Kika ce min to."

"Na ji tsoron kada ka tsane ni."

"Sai kika bar ni na tsane shi."



Ya ajiye samfefar a kan kantar shagon, ya sauke ƙafarsa daga benci da hannu biyu. Ya miƙa hannu wajen sandarsa, ta yi nisa kaɗan. Auta ta zabura za ta miƙo masa.

"Bar shi."

Ya ja jiki ya ɗauka da kansa. Ya tashi, ya zagayo kantar, ya wuce ta gefenta yana dogarawa. Tunda ya ji ciwon nan bai taɓa tsallaka titin ba.

"Yaya, ina za ka?"

"Wurinsa."

"In raka ka? Titin..."

"Zauna ki jira shago."

A bakin ƙofa ya tsaya ya gyara riƙon sanda. Da ya waiwayo, ta ga hawaye kwance a fuskarsa har gemu.

"Shi na san abin da zan yi, zan roƙe shi gafara, ya yafe ko kada ya yafe. Ke ce ban san yadda zan yi da ke ba, Auta."

Ya sauka daga dakalin a hankali, ƙafa mai lafiya tukuna, sannan ɗayar.